Yaran Rana na Kartum da Omdurman

 Yau ranar murna ce. Mun ci, mun sha, mun ga fuskokin da muka daɗe ba mu gani ba. Amma shugabannin taro sun ba mu wannan sa'a domin mu yi magana a kan waɗansu yara waɗanda ba a gayyatarsu kowane buki. Muna roƙo ku yi haƙuri da mu, gama labarin ba mai daɗi ba ne. Labarin yaran birnin Kartum ne da na Omdurman, cikin ƙasar Sudan, da abin da ya kashe su a shekara ta 2011. Kafin mu gama za ku ga ashe labarin ya shafi ƙofar gidanmu.

BIRNI UKU A BAKIN RUWA

Kartum ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe. Tun zamanin dā mutanen ƙasarmu su kan bi ta Barno da Wadai da Darfur da ƙafa, suna nufin Makka, da yawa kuwa suka zauna a hanya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kai jama'arsa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sannar. Sa'an da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, Hausawa suna cikin waɗanda suka noma su. A cikin Kartum kanta an yi unguwa da a ke kira Ishash Fallata. Saboda haka in mun ce yaran Kartum, muna maganar ƙasar da danginmu su ke.

Birnin kuwa uku ne a haɗe. A wurin da Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka gamu, Kartum tana kudu, Omdurman tana yamma da kogi, Bahri tana arewa. Kowanne da manyan kasuwanninsa: Suk al-Arabi a Kartum, da Kasuwar Omdurman, da Suk Libya can yamma. A cikin waɗannan kasuwanni ne yaran da mu ke magana a kansu suka yi zamansu. Mutanen birni suna ce da su shamasa, watau yaran rana, domin ba su da rufi sai sararin sama. Da rana su yi dako, su wanke mota, su goge takalma, su yi roƙo. Da dare su kwana a bakin rumfa ko cikin magudanar ruwa.

DAGA INA SUKA FITO?

Ba kasuwa ce ta haife su ba. A 1983 yaƙi ya sake tashi a kudancin Sudan, bai kwanta ba sai 2005. A 1984 da 1985 fari da yunwa suka faɗa wa Darfur da Kordofan, mutane suka bar garuruwansu suka zo suka sauka a Muwailih, yamma da Omdurman. A 2003 kuma yaƙin Darfur ya soma. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya koro jama'a zuwa babban birni, har aka ƙiyasta masu gudun hijira a kewayen Kartum sun kai wajen miliyan 2. Hukuma ta ajiye da yawansu a sansani huɗu a bayan gari: Mayo, da Jabal Auliya, da Wad al-Bashir, da as-Salam. Can babu aiki, ruwa ma sai an saya. Yaro ya tashi da safe ya tafi kasuwa neman abin da zai kawo gida. Yau ya komo, gobe ya komo, jibi dare ya yi masa, ba kuɗin mota, sai ya kwana. Haka a ke somawa.

Waɗansu masu bincike sun zauna da yaran, sun yi wa 872 daga cikinsu tambayoyi, aka buga abin da suka samu a 2008. Bari mu faɗa muku abu huɗu daga ciki, ku riƙe su, gama za mu komo kansu. Na fari, wajen rabin yaran shekarunsu 14 ne ko ƙasa da haka. Na biyu, kusan rabinsu su kan ga iyalinsu kowane mako. Na uku, suna zama ƙungiya ƙungiya bisa ga ƙasar da suka fito, suna raba abinci da wurin kwana, in ɗaya ya yi ciwo sauran su ke jiyyarsa. Na huɗu, babban abin tsoronsu shi ne kame, da dūka, da kulle.

Akwai kuma wani abu da masu binciken suka gani a hannun yaran dare da rana: tsumma jiƙe da manne, suna tsotsa, suna shaƙa. A Sudan sunansa silisiyon. Mu kuwa mun san shi sarai. Shi ne sholisho, wanda mai faci ya ke shafa wa tayar keke da ta mota.

WATAN YUNI NA 2011

A ƙarshen watan Yuni na 2011, saura makonni kaɗan Sudan ta Kudu ta zama ƙasa mai mulkin kanta ran 9 ga Yuli, sai aka soma tsintar gawa a tituna da kasuwannin Kartum da Omdurman da Bahri. Yau a ji an sami kaza, gobe lissafi ya ƙaru. Cikin 'yan kwanaki waɗanda suka mutu suka wuce 60. Galibinsu marasa gida ne, yara da samari. Jama'a suka firgita, maganganu suka yi yawa a gari. Daga baya 'yan sanda suka ba da sanarwa cewa abin da ya kashe su shi ne wani ruwa da a ke kira isbirto, wanda ya ke da guba mai suna metanol, aka kuma ambaci silisiyon ɗin da su ke shaƙa. Aka kama waɗansu masu sayarwa.

Mene ne isbirto? Ruwa ne fari kamar na sha, mai saurin kama wuta. Masu fenti da kafintoci da masu haɗa turare suna aiki da shi. Ba domin ciki aka yi shi ba. Amma tun watan Satumba na 1983, sa'an da Shugaba Numairi ya hana giya a Sudan, abin maye ya koma ɓoye, sai a 2020 aka sassauta dokar ga waɗanda ba Musulmi ba. Abin da a ke sayarwa a ɓoye kuwa ba mai duba shi. Yaron da ya ke da 'yan kwabbai a hannu ya kan nemi mafi araha. Isbirto yana da araha, a kan sirka shi da ruwa a sha.

YADDA METANOL YA KE KISA

Ya 'yan'uwa, ku kasa kunne a nan, gama wannan sani yana iya ceton rai. Ba a rarrabe metanol da sauran barasa da ido, ko da hanci, ko da harshe. Wanda ya sha ya kan yi ɗan maye, mayen ya wuce, ya ga kamar lafiya lau ya ke. Amma hanta tana aikinta a hankali, tana juya metanol ya zama wata guba mai tsami wadda ta ke ɓata jini, ta ke kuma cin jijiyar ido. Wajen cokali biyu na shayi ya isa ya makantar da mutum. Wajen babban cokali biyu yana iya kashe shi.

Alamun ba su fitowa nan da nan. Sai bayan sa'a 12, wani lokaci har 24, ciwon kai ya zo, da amai, da ciwon ciki. Sai gani ya dushe, mutum ya ce yana ganin duniya kamar cikin hazo. Sai numfashi ya yi sauri da zurfi. Sai suma, sai mutuwa.

Amma akwai magani. In an kai mutum asibiti da wuri, likita yana da abin da zai tsai da aikin hantar nan, ko maganin da a ke kira fomefizol, ko tsabtatacciyar barasa ta asibiti wadda shi kaɗai ya san ma'auninta. Yana da ruwan da zai kashe tsamin jini, yana kuma iya wanke jinin da na'urar wankin ƙoda. Wannan aikin likita ne, kada kowa ya gwada a gida.

To, ku duba. Tsakanin sha da mutuwa akwai yini guda, wani lokaci fiye. Daga Suk al-Arabi zuwa babban asibitin Kartum tafiyar ƙafa ce. Lokaci ya isa, hanya kuma ba ta da nisa. Me ya sa har yara da yawa haka suka mutu a bakin titi?

Ku tuna da abu na uku da na huɗu. Masu jiyyar yaron nan su ne abokansa, yara kamarsa, waɗanda ba wanda ya taɓa gaya musu abin da dushewar gani ta ke nufi. Watakila ma daga kwalba ɗaya suka sha. Kuma yaron da ya saba gudu in ya ga mai kaki ba zai kai kansa ƙofar da ta ke da mai gadi ba. Manya kuwa da su ke wucewa, sun saba ganinsa kwance. Mai wucewa ya ce barci ya ke yi, ko ya ce maye ne, ya ɗauke kai. Gubar ta yi nata aiki, amma ta sami taimako daga wurin rashin mai tambaya. Da akwai babba ɗaya da ya san sunan yaron, wanda zai lura yau bai zo karɓar abinci ba, da labarin waɗansu ya sake.

YADDA SHOLISHO YA KE KISA

Metanol ya kashe da yawa cikin mako guda, shi ya sa duniya ta ji. Sholisho kuwa ɗaya ɗaya ya ke ɗauka, ba mai lissafi. A cikinsa akwai wani ruwa mai tashi kamar tururi, irin su toluwin. In an shaƙa, ya kan bi ta huhu ya shiga jini, ya kai ƙwaƙwalwa kafin a ƙirga ashirin. Yaro ya ji jiri da sauƙin jiki, tsoro ya tafi, zafin dūka ya lafa, sanyin dare ya ragu. Amma wannan ba ya daɗewa, bai kai sa'a guda ba ya wuce. Domin haka tsumman ba ya barin hannu.

Yana kisa ta hanyoyi da dama. Wani ya sa kansa cikin leda, iska ta ƙare masa. Wani ya yi amai yana sume, aman ya koma huhu. Wani ya taka titi bai ga mota ba, wani ya faɗa kogi, wani ya matsa kusa da wuta da tsumma a hannu. Akwai kuma wadda ta fi ban tsoro. A 1970 wani likita a Amurka, Millard Bass, ya ba da labarin matasa 110 waɗanda suka faɗi matattu farat ɗaya bayan shaƙa. Dalili shi ne tururin nan ya kan sa zuciya ta zama mai saurin rikicewa. In yaro ya firgita, ko ya zabura da gudu, sai bugun zuciya ya hargitse, ta tsaya. Wannan yana iya samun wanda ya shaƙa yau kaɗai, ba sai wanda ya daɗe ba.

Ku ga abin da wannan ya ke koya mana. Mutumin da ya ga yaro yana shaƙa, ya daka masa tsawa, ya bi shi da bulala, yana tsammani gyara ya ke yi, yana iya zama sanadin ajalinsa.

Wanda ya tsira daga waɗannan, ya daɗe yana shaƙa, ƙwaƙwalwarsa ta kan lalace a hankali. Hannu ya soma rawa, tafiya ta zama tangaɗi, mantuwa ta yi yawa, kunne ya yi nauyi, ƙoda ta raunana. Saurayi mai shekara 20 ya zama kamar tsoho.

ABIN DA AKA GWADA

A Sudan an gwada kame. Tun wajen 1992 a kan share kasuwanni, a kwashe yara a kai su sansani, irin na Abu Dom a arewa da Kartum. Masu bincike sun shaida cewa a manyan sansani cin zali ya yi yawa, yara kuwa su kan gudu su komo kasuwa, tsoronsu ya ƙaru. An kuma gwada wata hanya. Ƙungiyoyin 'yan ƙasa irin su Sabah da Amal sun bi yaran inda su ke, sun nemi iyayensu, sun mai da waɗansu gida. Makarantar sana'a ta Don Bosco a Kartum ta koya wa samari kanikanci da walda da kafinta. A 2010 Sudan ta kafa Dokar Yara, wadda ta ce gararambar yaro ba laifi ba ne da za a hukunta shi a kai. Doka ce mai kyau. Amma shekara ɗaya bayanta aka tsinci gawawwakin nan, gama doka a takarda ba ta zagaya kasuwa da dare.

Waɗansu ƙasashe sun kama abin ta wajen mai sayarwa. A Ingila an yi doka a 1985 wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba irin waɗannan kaya in an san shaƙa zai yi. Duk da haka mutuwa ta hau har ta kai 152 a 1990. Sai da aka haɗa da faɗakar da iyaye da malaman makaranta lissafin ya sauko. A Ostareliya, inda samarin ƙauyukan tsakiyar ƙasa su ke shaƙar fetur, an kawo wani irin fetur a 2005 mai suna Opal, wanda ba ya sa maye, shaƙa kuwa ta ragu ƙwarai. Watau abin yana da magani, in mai sayarwa da hukuma da iyaye suka ja igiya ɗaya.

Game da Kartum kuwa, ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar birnin tsakanin sojan ƙasa da rundunar RSF. Kasuwanni suka ƙone, asibitoci da yawa suka rufe, miliyoyin mutane suka gudu. Soja sun karɓe Kartum a watan Maris na 2025. Mun riga mun ga abin da yaƙin 1983 da yunwar 1984 suka zuba a kasuwanni. Wannan yaƙi ya raba yara da iyayensu da makarantunsu fiye da na dā. Duk wanda zai sake gina birnin, zai tarar da yaran rana suna jiransa.

GEMUN ƊAN'UWA

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wane ne a cikinmu bai taɓa ganin yaro a tashar mota ko bayan kasuwa da tsumma a dunƙule cikin hannu ba? A Kano, a Zariya, a Maraɗi, mun gan su. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2019, ya ƙiyasta masu shaƙar irin waɗannan abubuwa wajen 300,000 ne. Metanol ma ya taɓa mu: a 2015 ya kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo, da kuma jihar Ribas, ta cikin ogogoro.

Kuma mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Sau nawa muka wuce irin yaron nan muka ce ɗan iska ne, muka riƙe aljihu? Mu ma mun yi. Amma ku tuna da abu na biyu: kusan rabin yaran Kartum suna ganin iyalinsu kowane mako. Suna da uwa, suna da suna, suna da gari. Namu ma haka ne.

ME ZA MU YI?

Ba mu da ikon tsai da yaƙi, ba mu da ikon saukar da ruwan sama. Amma ga abu biyar da su ke cikin hannunmu.

Na fari, kowane gida a cikinmu ya san yaro ɗaya na kasuwa ko na tasha da sunansa. A san garinsu, a san inda ya ke kwana. A ba shi abinci a kan lokaci sananne, domin ran da bai zo ba a tashi a neme shi.

Na biyu, mu koya wa yaran kansu alamun guba, gama su ne na kusa. Wanda ya sha abin da bai sani ba, ya ji ciwon kai da amai, ganinsa ya dushe, a kai shi asibiti nan take, tare da dukan waɗanda suka sha tare da shi, ko da sun ce lafiya su ke. A tafi da kwalbar domin likita ya gani.

Na uku, in mun tarar da yaro yana shaƙa, kada mu yi tsawa, kada mu kore shi da gudu. A yi magana a hankali, a fitar da shi wurin iska, a nisanta shi da wuta. In ya suma a kwantar da shi a gefensa domin kada amai ya shaƙe shi, a nemi taimako da sauri.

Na huɗu, masu faci da masu shago da masu fenti da su ke cikin wannan taro, ku san wanda ku ke sayar wa. Yaron da ba shi da keke, me zai yi da sholisho kowace safiya? Ribar gwangwani ɗaya ba ta kai ran ɗan mutum ba. Ku yi magana da shugabannin sana'arku, ku ɗaure wannan a tsakaninku.

Na biyar, masu sana'a su buɗe ƙofa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya sami maigida, da aikin hannu, da tabarmar kwana, yana da dalilin ajiye tsumma. Zai faɗi, ya koma, ya sake komowa. Kada mu gaji da shi a karo na fari ko na biyu. In jikinsa ya riga ya taɓu, a haɗa da likita.

Ya 'yan'uwa, gobe za mu naɗe tabarmi, kowa ya kama hanyar garinsu. Yawancinmu ta tashar mota za mu bi. Sa'an da yaro ya zo ya ɗauki kayanku, kafin ku ba shi ladansa, ku tambaye shi sunansa da na garinsu, ku kuma riƙe su. Allah shi ba mu idon gani da zuciyar tausayi, shi kai kowa gida lafiya.